Tagar Yamma

Na iso Kafin Ilu hantsi ya dubi ludayi,
babur yana tari tun daga Ringim,
igiyar awo a aljihu, zanen gini a hammata.
Ɗakin haihuwa suke ginawa.
Bulo ya wuce linta, kwano ya hau.

Aikina ba yawa gare shi ba:
in ga inda rana za ta shiga,
inda iska za ta fita,
da wutar da ginin zai sha
kafin mutum ya iya zama cikinsa.

Zane ya ce taga arewa, taga kudu.
Na ɗaga kai, sai ga ta ƙatuwa tana duban yamma,
baki buɗe, tana jiran ranar la'asar.
Na ce, wa ya juya ta?
Alhaji Barau ɗan kwangila ya gyara zaman hula:
"Titi yana yamma, Injiniya.
In manya sun zo buɗewa, bango za su kalla?"

Na hau tsani.
Mataki na uku ya yi ƙara, leburori suka dara.
Tsakanin kwano da silin,
inda takarda ta ce a shimfiɗa matarin zafi
kaurin yatsa huɗu,
gidan zanzaro na tarar
da buhun siminti da aka zazzage.
Na ɗora tafi a kan kwano, na janye.
Ko azahar ba ta yi ba.

Daga ƙasa ya ɗago murya: "Ai za a sa fanka!"
Na leƙa ta saman katanga.
Turakun lantarki a jere har bakin gari,
ba waya ko ɗaya, sai kurciyoyi.
Faranti biyu na sola aka rubuta wa ginin nan,
rabon firjin allura ne da ƙwan fitila uku.
In fanka ta ci, allura ta kwana da zafi.

Manya za su zo da safe, su yanke ƙyalle, su tafi.
Mai naƙuda za ta zo a tsakiyar bazara,
a amalanke,
ta kwanta daidai inda tagar nan ke zubo rana.

Ya biyo ni bayan tarin yashi, hannu a dunƙule:
"Ga na mai."
Na ce tankina cike yake.
Allah ya yafe mini, da ɗigo na iso.

Mati magini bai ce uffan ba tun zuwana.
Sai da zan tafi ya ja ni gabas,
ya nuna da cokalin gini:
ƙananan kafofi bakwai can ƙarƙashin rufi,
ba ɗayansu a zane.
"Zafi sama yake gudu," in ji shi.
"Ba shi ƙofa, ya fita da ƙafarsa.
Haka muke wa soro tun ina ɗaukar ƙasa a ka."
Na juya fom gaba da baya,
ba layin da aka tanadar wa Mati.
Na rubuta shi a gefe, da ƙananan baƙi.

Sauran kuwa da manya na rubuta:
A toshe yamma, a buɗe arewa.
A ƙara wa baranda kamu biyu.
Kada a rufe silin sai na dawo Laraba
na sa hannuna ciki na ji.

Alhaji ya lissafa bulo arba'in a fuskata,
ya ce yana da mutum a Dutse.
Na ara masa biro
don ya rubuta sunana daidai.

Mai ya ƙare mini kafin gada.
Na tura babur har gida, rigata sharkaf.
Ɗakin haya, kwano kusa da ka,
taga ɗaya, ita ma yamma take duba.
Na taɓa bangon, yana huci kamar tanda.
Na ɗauko tabarma na fito tsakar gida.